Ranar da Aka Ja Motar Abba da Igiya

Ku matso, yau babu doguwar gaisuwa, don raina a ɓace yake. Baiwar Allahn da ta rubuto min wancan karon ta ce, "Ki saki ƙarfe ki kama miji," na ga saƙonki, na kuma gode. Ki karanta na yau tukuna, sai ki gaya min wanda za a kama da wanda za a saki.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ni ce autar gidanmu. Auta kowa yake ce min, sai in an so tsokana a ce Bakanike. Aikin injuna na karanta a jami'a, kuma na fito da sakamakon da hatta Baffa, ƙanin mahaifina, wanda yabo yake yi wa bakinsa nauyi, sai da ya ce, "Ba laifi." Ina aiki a wani kamfanin gyaran janareta, ni kaɗai ce mace a ɓangarenmu, kuma ban taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba.

Abbanmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar gida, ya bar shago, ya kuma bar wata tsohuwar mota a gareji wadda yake kira Gimbiya. Ta girmi auren iyayena. Kalar madara ce, doguwa, mai zagayayyun fitilu, bambarta na farin ƙarfe har fuskarka kake gani a ciki idan an goge. Kujerar gaba guda ɗaya ce tun daga wannan ƙofa har waccan, ta jar fata, giyarta kuma a jikin sitiyari take. In ka buɗe ƙofa, ƙamshin fata da na man gashin Abba ne zai fara gaishe ka. Ciwonsa na ƙarshe ya daɗe, shi yana kwance a ɗaki, ita tana kwance a gareji. Ɓeraye suka cinye wayoyinta, tayoyi suka zauna, injin ya cije.

Na sake mata wayoyi da hannuna. Na wanke tankin mai, na ɗinke inda kujera ta yage, na bi mutane a waya har na samo murfin fitila irin nata a wurin wani tsoho da ya fi son a yi masa hira a kan a saya. Saura injin. Shi kuma Baffa, da yake shi ne a kan rabon gado, ya yanke hukunci a gaban kowa: idan Gimbiya ta tashi da injinta kafin zaman rabo, ta faɗo a rabona. Idan ba ta tashi ba, akwai wani mai ba da hayar motocin biki da yake ta zarya. Shi wannan mutumin ya riga ya faɗi abin da zai yi: zai ƙwaƙule injin ya sayar wa 'yan gwangwan, ya sa na zamani, ya fesa mata farin fenti, a riƙa ɗaura mata furannin roba.

Bari in yi muku bayanin injin da ya cije, don ku gane abin da aka yi min. A cikinsa akwai ramuka huɗu, kowanne da fistin da ke hawa yana sauka. In mota ta daɗe a ajiye, tsatsa takan manne fistin da bangon raminsa. Irin wannan ba a yi masa ƙarfi, lallashinsa ake yi. Na cire fulogai huɗun, na ɗura baƙin mai da kananzir a ramukan. Kullum da safe kafin in tafi aiki sai in sa doguwar sifana a babban notin da ke gaban injin, in danna gaba kaɗan, in dawo baya kaɗan, in ƙara mai, in rufe. Na daɗe ina yi ba ko alama. Yaya, wana, kullum in ya wuce sai ya leƙo.

"Bakanike, har yanzu ana ba mara lafiya magani? Ni fa na gaya miki, duk motar da ta yi taurin kai, turi ne maganinta. A sa a giya biyu, a saki kuloci, magana ta ƙare."

"Yaya, wannan ba irin akwalarka ba ce."

"Akwalar tawa dai tana tafiya."

To a farkon makon nan sifana ta motsa. Ba da yawa ba, bai fi kaurin farce ba, amma na ji shi har cikin kafaɗata. Na zauna a kan tsohuwar taya na yi kuka ni kaɗai, na share hawaye da bayan hannu, na tafi ofis da baƙin mai a kunci ban sani ba. Ban gaya wa kowa ba. A gidanmu in na fara maganar inji, Umma hamma take yi, Yaya ya ɗauko waya. Na ce a raina, ranar da suka ji kukanta sa fito da kansu.

Sai kuma maganar Dakta. Likitan ido ne, abokin Yaya, kuma shi ne mutumin da gidanmu kaf suka amince ya aure ni tun kafin a tambaye ni. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa. Yana da natsuwa, yana da dariyar da ke sa ka manta kana fushi, kuma bai taɓa ce min in bar aiki ba. Sai dai shi Gimbiya a wurinsa kamar wata mura ce da nake fama da ita, wadda yake jiran ta sake ni.

Yau ne yayarsa, wadda suke ce wa Anti, ta shirya zuwa gidanmu ita da ƙanwarsu, su gan ni. Tun da safe saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe, Injiniya. Su Anti za su iso da yamma. Don Allah a tausaya min a wanke faratan nan."

"Faratan sun ce a gaishe ka."

"Ina amsawa. Kuma na tanadar miki wani abu yau, sai kin yi min godiya har da hawaye."

"Mene ne?"

"In na faɗa ai ya tashi daga kyauta."

Na ɗauka turare ne ko agogo. Na tura masa hoton fuska mai murguɗa baki, na ajiye waya.

Umma ta zaunar da ni a bakin famfo kamar 'yar yaye, ta matse lemon tsami a kwano, ta kama yatsuna tana gurza da tsohon burushin haƙori.

"Kalli hannu don Allah. Wannan hannun mace ne ko na mai faci? Auta, yau ɗaya dai, yau ɗaya tak, kada in ji kalmar mota a bakinki. In sun tambaye ki aiki, ki ce ofis."

"Ai ofis ɗin ne, Umma."

"Ki ce ofis ki yi shiru. Ina mukullin garejin nan?"

"Yana aljihun rigar aikina. Me za a yi da shi?"

"Ajiye shi zan yi, don na san halinki. Sai baƙi na zaune ki ce bari ki leƙa ta."

Na ba ta. Da hannuna na miƙa mata, masu karatu.

Ta fito min da leshi ruwan zuma wanda tela ya matse min a ƙugu har numfashi sai da dabara, da mayafi mai duwatsu a gefe, da sarƙarta ta zinare wadda ba ta fitowa sai babban dalili. Takalmi mai tsini, jan baki kaɗan, kwalli. Da na kalli madubi ni kaina sai da na ce, ashe Bakanike ma mutum ce. An shimfiɗa sabon kafet a falo, an sauke labulen nan masu nauyi da ke fuskantar tsakar gida, an jera kofunan gilashin da tun ina yarinya ake hana mu taɓawa.

Suka iso. Dakta ne ya kawo su a jif ɗinsa, ya shigo ya gaida Umma cikin farar shadda, ya kalle ni sau ɗaya ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce bari ya je wurin Yaya. Baffa ma ya zo, wai don baƙi su san gidan da manya, yana waje a kan kujera.

Anti babbar mace ce mai gilashi a kan hanci, ta saman gilashin take kallon mutum. Na durƙusa na gaishe ta, na zuba musu lemo, na koma gefen Umma na zauna na haɗa gwiwoyi.

"Masha Allah. Ke ce Autar? An ce kina aiki."

"E, Anti. A ofis."

"Ofis." Ta kurɓi lemo. "Ni kuma cewa aka yi har ƙarƙashin mota kike shiga."

Ƙanwar ta rufe baki da mayafi. Umma ta yi wata dariya da ba tata ba.

"Ai wasa ne na ƙuruciya, motar mahaifinsu ce take ɗan gogewa. Ta kusa bari ma."

Na buɗe baki, Umma ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na rufe.

A daidai nan na ji ƙarar ƙofar gareji. Ƙofar nan tana da wani kuka da na sani kamar muryar Umma, don ni na ƙi sa mata mai da gangan, saboda in ji duk wanda ya taɓa ta. Na ce a raina wataƙila Yaya ne yake nuna wa abokinsa ita. Kallo ba ya ɓata mota.

"Kin iya girki dai ko?" in ji Anti.

"Na iya."

"Don ƙanin nan nawa ba ya cin abincin waje. Tun yana ƙarami haka yake, ko ruwa ne sai ya san kofin."

Sai na ji an tayar da jif. Na ji tana ja da baya, tana wannan ƙarar ta gargaɗi. Na ji an buɗe get gaba ɗaya, ɓangare biyun. Na ji muryar Yaya yana cewa, "Ƙara kaɗan! Tsaya! Miƙo bakin igiyar."

Igiya.

Na yunƙura. Umma ta damƙe min gefen zani ta ƙasa, fuskarta na kallon baƙi tana murmushi, ta ce a hankali ta tsakanin haƙora, "Wallahi kika tashi, ban yafe ba."

Wanda bai taɓa jin wannan kalma daga bakin uwa ba, ba zai gane nauyinta ba. Na koma na zauna. Anti tana ba da labarin yadda Dakta ya zo na ɗaya tun daga firamare, ni kuma kunnena yana tsakar gida. Na ji tayoyin Gimbiya suna taka tsakuwa, tayoyin da ni na hura musu iska. Na ji ta sauka daga ɗan tudun bakin get, bambar baya ta ɗan gogi siminti. Sannan na ji Yaya daga kan layi, da ƙarfi:

"Dakta, in na ɗaga hannu ka taka sosai! A giya biyu take!"

Na juya na kalli Umma. Ta san da maganar, a idonta na gani.

"Umma, ki yafe min daga baya."

Na fizge zanina. Gwiwata ta bugi tebur, kofi ɗaya ya kife a kan sabon kafet, na ji ƙanwar ta ce "Innalillahi!" Takalman na zubar da su a bakin ƙofa. Na ratsa tsakar gida a guje, mayafi ya maƙale a jikin get na bar shi a nan. Baffa yana tsaye a bakin titi, hannu a baya, yana kallo kamar mai kallon wasa.

Sun riga sun yi nisa. Jif a gaba, shuɗiyar igiya a miƙe, Gimbiya tana bi a baya tana sheƙi cikin rana. Allah ya sani, rabon da in gan ta a kan titi tun Abba yana da lafiya, kuma ko a wannan halin sai da kyanta ya soke ni. Na bi su ba takalmi, kwalta tana ƙona min tafin ƙafa.

"Yaya! Kada ka saki kuloci! Yaya, kada ka saki!"

Ya hango ni ta madubi. Ya ɗauka murna nake yi. Ya fito da hannu ta taga ya ɗaga min, Dakta kuma ya ga hannu a sama, ya taka mai.

Yaya ya saki.

Tayoyin baya suka ƙame suka ja kwalta da wani ihu, hayaƙin roba ya tashi, bayan motar ya yi tsalle. Sai wata ƙara daga cikin injin, guda ɗaya, gajeriya, kamar an karya busasshen ƙashi. Daga nan tayoyin suka sake, ta mirgina gaba, baƙin mai yana zuba ta ƙarƙashinta a kan titi, har suka tsaya.

Na iso ina haki. Maƙwabta sun firfito. Yaya ya fito yana murza hannu.

"Kin ji ta saki? Kin ji? Sai dai ba ta kama ba, bari mu ƙara ja sau ɗaya."

"Da me za ta kama, Yaya? Fulogan suna cikin gwangwani a kan benci. Ko bonet kun buɗe?"

"Ya ƙi buɗuwa."

Ya ƙi buɗuwa don sai an danna shi ƙasa kafin a ja, ni da Abba kaɗai muka san haka. Na danna, na ja. Man da na daɗe ina ɗurawa ya yi tsiri ta ramukan fulogi ya wanke cikin bonet, yana ɗiga. Ya ɗigo min a leshi, a sarƙar Umma, ban ko kula ba. Dakta ya ƙaraso, murmushinsa bai gama sauka ba.

"Auta, mun so ne mu hutar da ke. Na ga kina wahala, ga zaman rabo ya matso, sai na ce..."

"Ɗauko min doguwar sifana a kujerar baya."

Ya ɗauko. Na sa ta a noti na danna. Injin ya juya. Ya juya salin alin, zagaye guda cur. Yaya ya buga tafi.

"Allahu akbar! Jama'a ku shaida! Wata da watanni tana shafa ta kamar jaririya, mu da igiya ɗaya mun gama. Ilimi daban, basira daban!"

Wani maƙwabci ya yi dariya. Ni ban yi ba, don a cikin zagayen nan akwai inda sifana ta faɗa hannuna ba nauyi, na kuma ji wani abu ya ce ƙwas a can ƙasa.

"Riƙe nan," na ce wa Dakta. "Ka juya a hankali, kada ka tsaya sai na ce."

Ya kalli farar shaddarsa, ya kalle ni, ya kama. Na toshe ramin farko da babban yatsa. Fistin mai lafiya in ya taso yakan turo iska ta ture yatsanka. Na farko ya huro. Na biyu ya huro. Na uku ya huro har da feshin mai. Na ɗora yatsa a na huɗu.

"Juya."

Ya juya.

"Ƙara."

Ya ƙara, ya sake ƙarawa. Babu komai. Ramin shiru, sai wannan ƙwas ɗin duk zagaye. Na ɗago, idona ya faɗa cikin nasa, na ga lokacin da murnar ta bar fuskarsa.

Kafin nan kowa ya iso. Umma tana riƙe da mayafina a hannu, idonta ja. Anti tana bayanta, tana kallon ƙafafuna ta saman gilashi, daga nan ta hau kan leshi, ta tsaya a kan hannun ƙaninta da ya yi baƙi har wuyan riga. Baffa ya ratso mutane a hankali, ya leƙa cikin injin kamar ya san abin da yake dubawa.

"Na ji wata ƙara da ban so ba," ya ce. "Ke ce mai karatun abin. Ta lalace ko ba ta lalace ba? In ta lalace a faɗa min yanzu, in kira mutumin nan ya zo ya kwashe, a huta da wannan abin kunya a titi."

In na ce ta lalace, ta tafi. In na faɗi wanda ya lalata ta, a gaban yayarsa da rabin layinmu, Umma ba za ta ƙara ɗaga kai a unguwa ba.

Sai Dakta ya saki sifana ya gyara tsayuwa.

"Baffa, kada a kira kowa. In ta lalace laifina ne. Ni zan saye ta a hannun magada, duk yadda aka yanke. In Allah ya sa an yi, sai ta bi Auta gidana, ta ci gaba da wasa da ita a can."

"Kai, madalla da ɗan albarka!" in ji Baffa. Umma ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Hatta Anti ta ɗan gyaɗa kai, irin na wadda ƙaninta ya nuna shi ɗan babban gida ne. Yaya ya dafa kafaɗarsa.

Kowa ya ji kyauta. Ni abin da na ji shi ne, motar ubana za ta zama ta wanda ya karya ta, kuma hanyar zuwa wurinta guda ɗaya ce, ta ƙofar ɗakinsa. In ci gaba da wasa da ita. Wasa.

"Ba ta lalace ba," na ce.

Duk suka juyo.

"Ba ta lalace ba, Baffa, kuma ba ta sayarwa ba ce, ga bare ko ga na gida. Ka ce in ta tashi da injinta tawa ce. Za ta tashi."

"Auta!" in ji Umma.

Baffa ya haɗe rai. Ba ya son a mayar masa da maganarsa a gaban mutane, na kuma san haka sarai.

"To," ya ce. "Tunda lafiyarta ƙalau, ba sai an jira zaman rabo ba. Gobe da yamma, a nan, a gabana, ki tayar da ita. Zan kira mai motocin ya zo da abin jansa ya tsaya a gefe. In ta tashi ya koma hannu rabbana. In ba ta tashi ba, kada in ji bakin kowa."

Ya ciro waya daga aljihu ya juya yana neman lamba. Umma ta kama hannun Anti tana ba ta haƙuri, suka nufi gida. Mutane suka fara watsewa. Na rufe bonet a hankali, na goge inda yatsuna suka ɓata fenti da gefen leshin da ya riga ya mutu.

Dakta bai tafi ba. Ya matso har ina jin ƙamshin turarensa a cikin warin robar da ta ƙone, ya rage murya.

"Auta. Na huɗun bai huro ba, ko?"

Daga bayanmu na ji Baffa yana cewa, "E, gobe. Ka zo da babbar motar."

Na kalli Dakta, na nuna masa gaban Gimbiya da sifana.

"Kwance igiyarka daga jikin motar ubana."